Gurbin Akawal

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da ɗanka da matarsa da jikoki. Yaya ƙafar? Yaya kunnen? Kunnen ne ma ya sa na ɗauki biro, don wayar da muka yi rannan ba waya ba ce. Ni ina ta ihu har maƙwabta suka san cikina, kai kana ta cewa na'am, na'am. Ka sa tabaranka ka karanta a tsanake.

Abin da na kasa sa maka a kunne shi ne, titi ya ci gidanmu. Za a faɗaɗa shi, an zo an shafa jan fenti tun daga ƙofar gida har bayan barga, an ce mu kwashe kafin ƙarshen watan gobe. Layinmu gaba ɗaya abin ya shafa, har shagon Kafinta da rumfar mai gyaran rediyo. Ni tawa mai sauƙi ce. 'Yarka Auta ta ce in koma wajenta, ta ware min ɗaki a benen da suke haya kusa da asibitin da take aiki. Ni da keken ɗinkina za mu shiga ko'ina. To amma ɗaki ba ya tashi ragaya ta zauna. Ina zan kai tsohon dokinmu Bidi?

Tun da labari ya bazu masu saye suke sallama. Wani mai bulo ya zo ya buɗe masa baki ya ƙirga haƙora, ya ce zai iya jan yashi shekara guda ko biyu. Wani kuma bai dubi baki ba, cinya ya yi ta tattaɓawa, na gane irin sana'arsa, na nuna masa ƙofar da ya shigo. Dokin da ya ciyar da gidaje biyu ya aurar da 'ya'ya ba zai ƙare a kan sikeli ba ina raye. Auta ta ce akwai wuraren da ake ajiye dawakai a kula da su, wai ita za ta ɗauki nauyi. To wurin nake nema, kuma lokaci yana tafiya.

Ka san dai ba wata soyayya ce tsakanina da dokin nan ba. Shi ya cinye min gefen zanen da na fi so a kan igiyar shanya, kana wurin, kai da abokinka, marigayi maigidana, kuna ta dariya. Amma kwanan nan in na dube shi, ba tsohon doki nake gani ba. Keken katakonku nake gani yana fitowa daga ƙofa da sassafe, Bidi a hagu, Akawal a dama, kai riƙe da linzami, marigayi a bisa kaya yana waƙa da muryar nan tasa mai kama da tsohon zarto. Ana jin kofatonsu tun daga kwanar kasuwar katako, da shi nake sanin lokacin ɗora tukunya. Yanzu 'yan ƙananan motocin nan sun kwashe aikin, yaran layi ma ba su san an taɓa yin keken doki ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba saboda kada ka ce Barkono ta fara. A shekarar da ƙafa ta kai ka wajen ɗanka, a shekarar Akawal ya faɗi a turke bai tashi ba. Tun daga nan abokinka ya daina cin abinci a ɗaki. In na zuba masa, sai ya ɗauki kwanonsa ya tafi barga, ya zauna a kan kututturen nan da ke jikin turken Akawal, yana ci Bidi yana ci. Turken ma ya hana a tuge. Na yi faɗa har na gaji. Na ce in surutuna ne ya ishe shi ya faɗa, in girkina ne ya faɗa, amma mutum da gemunsa ba ya cin abinci da ƙuda. Sai ya yi murmushi ya ce iskar can ta fi daɗi. Haka muka yi har ya kwanta ciwo, Allah ya jiƙansa. Ko a gadon asibiti, tambayarsa ta farko kullum ita ce ko Bidi ya ci.

Yanzu ni ke zuba masa dusa da harawa, kuma abin kunya, ni ma a kan kututturen nake zama ina kalmasa bakin riguna, don nan kaɗai inuwa take a tsakar gidan. Yana ci sosai, har ya fi ni.

Ka yi mana addu'a. Ka gai da mutanen gida, ka ce wa matar ɗanka ta rage maka sukari ko da ka yi fushi.

Ƙanwarka,
Barkono

Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta iso, na ji daɗin jin ƙafa ta yi sauƙi. Rubutunka dai har yanzu sai an yi da gaske, amma na gane ka ce kada in yi gaggawa. Ai ba ni ke gaggawa ba, masu katafila ne.

Mun zaga ni da Auta, kuma gani ya kori ji. Na farko wurin koya wa yara hawa ne. Mai wurin ya ce zai karɓe shi da hannu biyu, in dai za a riƙa ɗora masa yara a ƙarshen mako. Na ce masa Bidi bai taɓa ɗaukar mutum a gadon bayansa ba, ja ya sani, kuma ya ja rabonsa. Hutu na zo nema masa, ba sabuwar sana'a ba.

Na biyu ne abin labari. Can bayan layin dogo, a bakin rafi, akwai wata mata mai lambu, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni. Kabeji da karas take nomawa, tana karɓar tsofaffin dawakai saboda taki. Yaya, da ka ga wurin. Wata doguwar rumfa ce ba ko shamaki a ciki, kwanon rufin duk faci, kaji suna ƙwai a cikin komin abinci. A halin yanzu dabba ɗaya ce ma a ciki, wata tsohuwar goɗiya da hakiya ta rufe wa idon hagu. Ni ban san da hakiyar ba, na matso ta wannan gefen, sai ta zabura ta yi fatali da bokiti, ruwan dusa ya wanke min ƙafa da takalmin da Auta ta saya min.

To ka san ƙanwarka. Na ce wannan ai ba barga ba ce, juji ne aka yi wa rufi, ko akuya ba zan ɗaure a nan ba. Matar ba ta ko ɗago daga kan karas ɗin da take wankewa ba, ta ce ita ba otal ta buɗe ba, kuma akuyar da ta sha zama da ni za ta ga nan aljanna ce. Na mayar, ta mayar. Kar ta san kar. Auta ce ta ja ni zuwa mota tana ba ta haƙuri, wanda shi ya fi ƙona min rai.

Na uku shi muka zaɓa. Yana bayan gari, inda masu hali ke ajiye dawakansu. Ko ɗakin da aka ware min bai kai nasu tsabta ba. Kowane doki da ɗakinsa, bango har sama, fanka tana juyawa, an rubuta sunansa a ƙofa. Likitan dabbobi yana zuwa duba su, ga fili mai ciyawa inda ake fito da su ɗaya bayan ɗaya su sha iska. Manajan wurin mutum ne mai ladabi, Mama yake ce min, har kujera ya ɗauko min da kansa. Ya tambayi shekarun Bidi da abin da yake ci da wanda ba ya so, na faɗa masa duk abin da na sani.

Da muka fito na ji wani sanyi a raina. Na ce dokin da ya yi rayuwarsa cikin rana da ƙurar zarto, bari ya ɗanɗana fanka kafin ya mutu. Na tuna lokacin damina da kuke rufa musu buhu a baya ku kuna jiƙewa, ka dawo kana atishawa kana cewa doki ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo, kai kuwa kana iyawa. Da abokinka zai leƙo ya ga sunan Bidi a jikin ƙofa da farin fenti, na san sai ya cire hula ya sosa ƙeya.

Jibi za mu kai shi. Na riga na fara ɗaure kaya, abin da mutum ke tarawa a gida ɗaya sai ya tashi yake sani. Na ga tsohuwar bulalarka a bayan randa, wadda ba ka taɓa dukan kowa da ita ba sai iska. Na ajiye maka.

A gai da kowa da kowa.

Taka,
Barkono

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, hankalina ne ba a kwance ba.

Mun tashi. Ranar kai Bidi ya ƙi hawa motar da Manaja ya aiko, ya kafe ƙafafu kamar yadda yake yi a bakin gada, sai Kafinta ne ya ja shi a ƙasa, ni ina biye a motar Auta a hankali. Da za su fita ya tsaya ya daɗe yana shinshinar turken Akawal. A hanya kuwa tafiyarsa ta da yake yi, ya manne wa gefen hagu ya bar fili a damansa, har masu babur suna bi ta wurin. Na yi dariya na ce sabo turken wawa, daga baya kuma na rasa abin da ya sa hawaye ke zubo min.

Gida kam babu shi. Ban je na ga rushewar ba, Kafinta ne ya ba ni labari, ya ce katafila ba ta ko yi nishi ba. Na bi ta wurin sau ɗaya a motar haya, na kasa gane inda ƙofarmu take sai da na ga bishiyar da ke gaban rumfar mai rediyo.

Zaman bene ba laifi. Auta da mijinta ba su rage ni da komai ba. Sai dai su duka masu fita aiki ne, wuni nake ni da taga. Za ta bar min abinci a kula, ta dawo ta buɗe ta tarar na ɗan taɓa sama, ta hau ni da faɗa irin nasu na asibiti, har da awon jini. Na ce mata cikin tsufa ƙarami ne. Rigunana dai na rage wa ƙugu, amma wannan tsakaninmu.

Ba tawa na zauna rubutawa ba. Yaya, Bidi ya daina ci. Tun ranar da aka shigar da shi ɗakin nan mai fanka bai sa bakinsa a komi ba. Ruwa kaɗai yake ɗan kurɓa. Da farko Manaja ya ce baƙunta ce, kowane doki yana yi. Aka canza masa ciyawa, aka jiƙa dusa, aka zuba masa zuma a kai. Na ɗauko tsohon bahonsa na gida na kai, ko ƙamshin zai tuna masa, ya shinshina ya kau da kai. Likita ya duba haƙora ya goge masu kaifi, ya duba ciki, ya ɗebi jini, ya ce bai ga cuta ba. Ba zan ɗora musu laifi ba, mutanen nan sun yi iya yinsu, masu shara ma sun san sunansa.

Ina zuwa in tsaya a bakin ƙofa in yi masa magana, in zage shi ma kamar yadda na saba, ko zai ji gida. Sai ya dube ni da ido ɗaya ya mayar da kai bango. Haƙarƙarinsa duk sun fito, ana iya ƙirga su daga waje. Gezar nan da abokinka ke tsefewa da tsohon matajina ta zube ta yi laushi.

Jiya Likita ya kira mu gefe ni da Auta. Ya yi ta kewaye-kewaye, amma na gane. Ya ce a shekarun Bidi, in doki ya saki rai ba a iya riƙe masa shi, kuma barinsa ya faɗi da yunwa zalunci ne. Akwai allurar da ake yi musu su tafi ba wahala. Ya ce mu ba shi zuwa ƙarshen mako, in bai ci ba in yanke shawara. Auta ta ce maganar tawa ce, ita ba za ta sa baki ba.

Ina jin tsoro, Yaya. Na hana mahauci, na hana mai bulo, na zaɓo masa wurin da ya fi ko'ina kyau, ga shi da bakina za a ce in ba da izini. Da kana kusa da na ɗora maka wannan kayan, kai ka saye shi yana ɗan duƙushi mai dogayen ƙafafu kowa yana maka dariya. Ko da takardar nan ta iso ka, wataƙila an riga an gama.

Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka

Yayana na kaina,

Gaisuwa mai yawa. Kafin komai, Bidi yana nan da ransa. Ka ajiye takardar ka yi hamdala, sannan ka ci gaba.

Ana gobe Likita zai zo, na shirya da safe na tafi in yi masa sallama. Na tarar ana wanke ɗakinsa, an fito da shi an ɗaure a jikin wata bishiya, an ajiye masa bahon dusa a gaba don fita hakki. Mai wankin ya jiƙa duk gefen hagunsa da tiyo, ni kuma na gaji da lalata takalma a kan dawakai, sai na zaga ta ɗaya gefen na kife bokiti na zauna. Na ciro wata rigar mijin Auta daga jaka na hau sa mata maɓalli.

Can sai na ji nauyi a kafaɗata. Bidi ne ya matso ya jingino da haƙarƙarinsa, har ya kusa ture ni daga kan bokitin. Na ɗaga hannu zan make shi, sai na ji wata ƙara da na yi makonni ban ji ba. Tauna yake yi. Ya sa kai a baho yana ci a hankali, yana hura hanci.

Na ƙame kamar gunki har ƙafata ta yi sanyi. Da na kasa jurewa na miƙe na koma gabansa in gani da idona, sai ya ɗago ya daina. Na tsaya ta hagu, ya kau da kai. Na koma kan bokitin, ya mayar da baki cikin baho. Na yi ta yin haka kamar mahaukaciya, har ma'aikata suka taru suna kallo, wani ya ruga ya kira Manaja.

Ka gane, ko? Kai da ka yi rayuwarka a bayansu. Dokin nan tun yana ɗan saurayi bai taɓa cin abinci ba sai da Akawal a damansa, a turke haka, a bakin kasuwa haka. A wancan ɗaki kuwa komin yana lungu, in ya tsaya ci bango ne a damansa. Masu kula da shi kuma, bisa ƙa'idar masu doki, komai ta hagu suke yi masa, ni ma in na je ta nan ƙofa take. Manaja ya tambaye ni komai a ranar farko, na faɗa masa komai, ban da wannan, don ban san da shi ba.

A kan bokitin nan abokinka ya faɗo min a rai, da kwanonsa da kututturensa. Ashe ba iska yake bi ba, ba kuma surutuna yake gudu ba. Ya lura tun mutuwar Akawal, ya je ya tsaya a gurbinsa, safe da rana da yamma, shekara da shekaru, bai taɓa cewa uffan ba. Wataƙila ya san in ya faɗa zan yi masa dariya har a gaban baƙi, kuma da na yi. Ni ma da na gaje kututturen saboda inuwa, aikin Akawal nake yi ban sani ba. Na yi kuka a wurin, Yaya, kuka mai sauti, a gaban Manaja da masu shara. Rabin kukan kewa ce, rabi haushin mutumin nan ne da ya bar ni ina zargin girkina. Kai ma in ka sani ka yi shiru, to ka jira haɗuwarmu.

Likita ya zo ya koma da allurarsa, har da murnarsa. Amma matsala ba ta ƙare ba. Manaja ya gwada sa ma'aikaci ya tsaya masa, wani lokaci ya ci kaɗan, amma mutum ɗaya ba zai bar dawakai da yawa ya wuni a gefen guda ba. Dawakan wurin kuwa ingarmu ne masu zafin kai, masu su ba za su yarda a haɗa su turke da wani ba, kuma ginin ma ba a yi shi don haka ba. Don haka ni ce nake zuwa kullum, mota biyu zuwa, biyu dawowa, ga matakalar bene tana jirana. Gwiwoyina sun kumbura sun yi kamar burodi. Auta ta ce in ban bari ba, ni za a kwantar kafin dokin.

Manaja da kansa ya ce min, tsakani da Allah, Bidi ba ɗaki yake bukata ba, abokin turke yake bukata. Na ce na ji. Duk garin nan wuri ɗaya na sani da ba shamaki tsakanin dabba da dabba, kuma ka san abin da na faɗa wa mai wurin. Baki shi ke yanka wuya.

Kada ka yi min dariya, ina jiyo ta daga nan.

Barkono

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta iyali. Na ga amsarka. Ka ce wallahi ba ka sani ba, amma da ka karanta sai ka tuna ko a wurin ɗaurin kofato sai an tsayar da Akawal a damansa yake yarda a ɗaga masa ƙafa. Na yafe maka rabi.

Na koma wajen Mai Lambu. Ni kaɗai na tafi, don ba na son Auta ta ga uwarta tana lanƙwasa. A hanya ina ta faɗa wa kaina durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, ga shi matar ma ta fi ni tsawo. Na same ta tana ban ruwa. Ta dube ni tun daga ɗankwali har takalmi, ta tambaya ko akuyar na kawo. Na haɗiye, na zayyana mata komai, har da kwanon marigayi. Ta murɗa bakin tiyo, sannan ta ce ita dai ba ta gyara rufi ba, kajin ma suna nan. Na ce na gani. Ta ce goɗiyarta ba ta son kowa ta gefen makahon idon, ko ita sai ta yi gyaran murya take matsowa, don haka in aka yi ɓarin haƙora kada in kai ƙararta.

Kafinta ya sake jan shi a ƙasa, suna tafe suna hutawa, Manaja ya rako mu har bakin titi. Aka ɗaure shi a hagun goɗiyar, ita tana damansa. Ranar farko ba daɗi. Ta kwantar da kunne, ta kai masa harbi, ta cije shi a wuya. Shi kuwa tsohon ɗan kasuwa, wanda ya saba da hon ɗin manyan motoci, ko gezau. Ya gyara tsayuwa daidai inda yake tsayawa in an ɗaura musu keke, ya sa kai a komi, ya ture wata kaza da hanci, ya kama ci. Bayan 'yan kwanaki goɗiyar ta gane ta samu bango mai numfashi a gefen da ba ta gani. Mai Lambu ta ce ta daina zabura, ko bokiti ɗaya ba ta sake ɓararwa ba. In an sake su a bakin rafi tare suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, ka rantse akwai keke a bayansu.

Auta ta hana ni fita har gwiwa ta sace, sai shekaranjiya na je. Ya yi ƙiba, Yaya, gashinsa har ƙyalli yake. Na shiga rumfar na nufi damansa kai tsaye yadda na saba, sai na tarar ba wuri. Goɗiyar ta cike gurbin, ko tafin hannu ba zai shiga tsakaninsu ba. Na kira sunansa, ya motsa kunne ɗaya, bai ko ɗago ba. Abin da na yi ta roƙon Allah ke nan, amma ba zan ɓoye maka ba, ya sosa min rai. Na zaga ta hagu inda kowa ke tsayawa, na tsefe masa geza da tsohon matajin nan, na ce masa butulu, na fito.

Ina neman hanyar tafiya sai Mai Lambu ta ce ba a zuwa wurinta a tafi da rana tsaka. Ta shimfiɗa buhu a bakin rumfar, inda muke jiyo taunarsu, ta zubo shinkafa da kabejinta a kwano biyu, ta zauna daf da ni har gwiwarta tana gugar tawa. Na ce gishiri ya yi kaɗan. Ta ce wanda ya zo da baki bai zo da cefane ba ba ya gyara miya. Muka kama, daga gishiri zuwa rufin kwano, daga rufi zuwa mazajenmu, nata ma ya daɗe da rasuwa, wai shi da agwagi yake hira. Ban ankara ba sai da cokalina ya bugi ƙasan kwano. Ta ƙara min, na cinye. Kada ka gaya wa Auta, za ta ce girkinta na raina.

Ta ce in riƙa zuwa duk mako in duba ko an cuci dokina, in taho da zare da allura, labulenta ya yage. Na ce sai na duba lokacina.

Bulalarka tana nan, zan ba wa mai zuwa ya kawo maka. Amma akwai tambayar da ta hana ni sukuni tun da na dawo, kuma ka amsa min da gaskiya, ban da zancen ƙafa da kunne. Ka ce ɗanka da matarsa suna fita tun safe, jikoki suna makaranta. In an kawo maka abinci, Yaya, wa ke zama kusa da kai?

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka har kullum,
Barkono